Wanda Aka Kawo a Sume Bai Ba Kowa Izini Ba

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum.

A makon jiya wani bidiyo ya faɗo cikin wayata har sau uku, daga zauruka uku na WhatsApp da ba su haɗa komai ba. Bai kai minti ɗaya ba. Wani bawan Allah ne kwance a gadon asibiti bayan hatsarin mota, an tsarge masa riga da almakashi, wandon ma babu, jini ya rufe masa rabin fuska, ɗaya rabin kuwa duk wanda ya san shi zai gane shi. Mai ɗaukar yana ta salati, yana cewa a taya shi da addu'a. To, madalla da addu'a. Amma da na duba da kyau, sai na ga daga wajen kan gadon aka ɗauka, inda ba a barin ɗan kallo ya tsaya, ga kuma wani hannu cikin safar roba yana gyara ledar ƙarin ruwa. Ke nan ɗayan biyu ne: ko ma'aikaci ne ya ɗauka, ko kuwa a kan idon ma'aikaci aka ɗauka bai ce kanzil ba. Ba zan ambaci asibitin ba, don ba shi kaɗai ba ne.

Mutumin nan a sume aka kawo shi. Wanda aka kawo a sume kuwa bai ba kowa izini ba. Bai ce a nuna cinyarsa ga mutanen unguwannin Wunti da Yelwa da Fadaman Mada na nan Bauchi ba. Bai ce matarsa, wadda wataƙila tana can Darazo ko Ningi tana tuƙa tuwon dare, ta fara jin labarinsa daga wayar maƙwabciya ba. Magidancin da ko ƙofar gida ba ya fita babu hula, da yana da bakin magana a wannan lokaci, me kuke jin zai ce?

Shekarun baya na kwana a sashen gaggawa, wanda muke ce wa imajansi, ina jinyar kawuna da hawan jini ya kayar. Wajen ƙarfe ɗayan dare aka shigo da wata mata, Keke Napep ya kife da su. Zaninta ya yage, hijabin kuma an cire don a duba kanta. Gadaje sun cika, sai aka bar ta a gadon turawa daidai bakin ƙofa, hanyar wucewar kowa. Kafin ka ce kwabo mun kewaye ta, mu masu jinya, maza da mata, har da ni, ba zan wanke kaina ba. Likita ɗaya ne, matashi, idonsa ya yi jawur don rashin barci, yana ta neman jijiya. Nas biyu suna kai da kawowa. Babu wanda ya lura cewa matar nan, duk da azabar karaya, hannunta mai lafiyar ba wajen ciwon yake zuwa ba. Zanin take lalube tana ja. Sai wata dattijuwa mai goge ƙasa ta jingine abin gugarta, ta cire mayafinta ta lulluɓe ta daga ƙirji har gwiwa, ta juyo ta dube mu ta ce, "Haba bayin Allah! In uwarku ce fa?" Sannan ta sunkuya ta ce wa matar, "Yi haƙuri 'yata, an rufe ki." Kowa ya sunkuyar da kai, muka zame ɗaya bayan ɗaya.

Wannan baiwar Allah ba ta shiga makarantar koyon aikin jinya ba, da wuya ma in tana iya karanta abin da ke cikin kati. Amma a daren nan ta ga abin da masu takarda ba su gani ba. Masana a ƙasashen Turawa sun raɗa wa abin suna. Sun ce ban da kaifin ƙwaƙwalwa akwai wata basira daban, basirar ɗabi'a, wato mutum ya bambance daidai da ba daidai ba, kuma ya aikata daidai ɗin ko babu mai tsare shi. Wasu Amurkawa biyu, Doug Lennick da Fred Kiel, a 2005 suka ɗora ta a kan ginshiƙai 4: riƙon gaskiya, ɗaukar alhaki, tausayi da yafiya. Har akan raba wa ma'aikatan asibiti takardar tambayoyi a ga maki nawa kowa zai ci. Ban raina ƙoƙarinsu ba, amma Bahaushe ya daɗe da gama maganar cikin kalma uku: sanin ya kamata. Addu'ar da ta fi yawa a bakinmu kuwa, ta attajiri da ta faƙiri, ita ce Allah ya rufa mana asiri. A ce al'ummar da ke roƙon rufin asiri safe da yamma ita ce ke tona asirin ɗan'uwanta a ranar da ya fi buƙatar sutura? Abin da kunya.

Kada wani ya ce ai babu doka. Akwai, har ta yi yawa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan ƙasa a sashe na 34, ya kare sirrinsa a sashe na 37. Dokar Lafiya ta Ƙasa da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta faɗa ƙarara a sashe na 26 cewa duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne: ciwonsa, maganin da ake yi masa, har ma da zamansa a asibitin. Ku ji fa, ko cewa wane yana kwance a asibiti kaza, ba hurumin ma'aikaci ba ne ya baza. Ƙofofin da dokar ta bari a buɗe 'yan kaɗan ne: shi mara lafiyar ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko iyayen yaro ƙarami da waliyyin wanda ba ya cikin hayyacinsa su nema, ko kuwa ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban hatsari. Ku nuna min ta wace ƙofa cikin waɗannan bidiyon nan ya fito. A watan Yulin 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya guda 12, sirri yana ciki, mutuntawa ba tare da duban aljihu ko addini ko ƙabila ba tana ciki. A 2023 aka ƙara da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum a sahun bayanan da suka fi tsananin buƙatar kariya. Rantsuwar da likitoci ke yi ranar kama aiki ma ta ce za su riƙe sirrin da aka damƙa musu ko bayan mai shi ya mutu. Ko bayan ya mutu! Mu kuwa hoton gawa ma ba mu ƙyale ba.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta daga bakin abokaina ma'aikatan lafiya, kuma rabinta gaskiya ce. Ma'aikata sun yi ƙaranci, likitoci na ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, wanda ya rage yana yin aikin mutum biyar. Daga Toro, daga Alkaleri, daga Dass, daga hanyar Ningi da ta Jos, duk wanda abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti cikin garin Bauchi ake turo shi. Babu isassun gadaje, labulen da ke akwai ya yage, wuta ta ɗauke a ci gaba da ɗinki da fitilar waya, ga dangin mara lafiya da ke zuwa da zagi, wani lokaci har da duka. Duk na yarda. Duk wanda ya kwana a imajansi sau ɗaya ba zai ƙara cewa mutanen nan ba sa aiki ba. Sai su rufe da cewa: Malam, mu rai muke ceto, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To ai wankan ma a makewayi ake yin sa, ba a tsakiyar kasuwar Muda Lawal ba. Gado da gini da albashi, wannan wuyan gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da yi mata magana. Amma wane kasafin kuɗi ake jira kafin a mayar da waya aljihu? Naira nawa ake kashewa wajen sassauta murya? Sai majalisar dokoki ta zauna kafin a ja zanin gado a rufe ƙirjin mace? Hannun da ya samu sukunin riƙe waya yana ɗaukar bidiyo ba hannun da aiki ya yi wa yawa ba ne. Kuma ga abin da ya fi ƙona min rai: ranar da aka kawo babban mutum, ko ɗansa, ko matar wani mai muƙami, nan da nan labule ke fitowa daga inda yake ɓoye, a kori 'yan kallo, a koma magana ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, a gafarce mu, za mu ɗan ɗaga riga." Ashe an iya! Ashe ba rashin sani ba ne, zaɓe ake yi. Talakan da aka kwaso daga bakin titi babu ko takalmi, shi ma bai ba kowa izini ba.

Masu cewa sutura ado ce da za a yi bayan an ceci rai, su koma ga darasin da aka koya musu. A tsarin karɓar wanda ya yi hatsari, ana fara duba hanyar iska, sai numfashi, sai jini, sai hayyaci, sannan a buɗe jiki gaba ɗaya don kada wani rauni ya ɓuya a baya ko a hammata ko a matsematsi. Babu mai musun wannan, dole a yanke tufa. Amma darasin bai tsaya nan ba, ya ce da an gama dubawa a rufe shi, domin wanda ya zubar da jini jikinsa saurin sanyi yake yi, jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai zubar ta ƙaru. Ku ɗauki daren hunturu a Bauchi, iska na shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe, mutum kwance tsirara rabin awa. Bargon nan da aka yi masa ƙyashi magani ne.

Sai kuma abin da ya fi wannan, wato bakin mara lafiya. Rabin aikin likita daga abin da aka faɗa masa yake fitowa, kuma mutum ba ya faɗin gaskiyar jikinsa a gaban taro. A kawo yarinya tana murƙususun ciwon mara. Abu na farko da likita ke tsoro shi ne ciki a wajen mahaifa, wanda in ya fashe jini kan taru a cikin ciki ya kashe mace cikin 'yan awoyi. Tambayar da za ta buɗe hanya ita ce, yaushe rabonki da al'ada? To a yi mata ita da ƙarfi, mahaifinta na tsaye, yayanta na riƙe da kati, na gadon kusa ya kasa kunne. Me za ta ce? Bar ta budurwa ma, amaryar da ke da aurenta, mu da muka san kunyar cikin fari a ƙasar nan, za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce wata biyu? Sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, a rubuta mata maganin gyambon ciki, a sallame ta.

Ko dattijo mai ciwon ƙirji da 'ya'yansa maza suka kawo. Akwai ƙwayar da ake sa wa mai ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe, in ta haɗu da maganin ƙarfin maza irin na Bature da mutum ya sha a ranar, jini kan faɗi warwas, har ta kai ga rasa rai. Dole likita ya tambaya. Wane uba ne zai amsa wannan a gaban ɗan cikinsa? Ko matashin da aka kawo yana kumfar baki, Tramadol ya haɗiya ko fiya-fiya ya sha? Maganin wannan daban, na wancan daban, kuma abokin da ya san gaskiya ba zai faɗa ba muddin baban yaron na wurin. Nas mai sanin ya kamata ba ta buƙatar ɗaki na musamman. Cewa take yi, "Baba, ku ɗan ba mu wuri, yanzu zan kira ku," sannan ta matso kusa ta yi tambayar a kunne. Minti ɗaya ne. Wanda ya tsallake wannan minti da sunan sauri, ƙarya ya saya da saurinsa, kuma a kan ƙaryar zai rubuta magani.

Waya dai sabuwar masifa ce, tsohuwar ita ce harshe. "Ina mai ɓarin nan?" daga wannan bango zuwa wancan. "Ku yi hankali da na gado na huɗu, mai cutar nan ne." An gama da shi ke nan, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar HIV bambanci, ta kuma hana bayyana matsayinsu ba da yardarsu ba. Bauchi kuwa, duk girmanta, gida ɗaya ce. Wadda ta karɓi katinka maƙwabciyar surukarka ce, wanda ya ɗebi jininka ajinku ɗaya da ƙaninka. A tashi aiki, a je gidan biki ko majalisar dare, sai ka ji, "Jiya wani Alhaji na unguwarku aka kawo mana, ba zan faɗi suna ba, mai farar motar nan." Ai ka faɗa! An fasa aure a kan irin wannan, an guji shagon mutum, an hana yara wasa da 'ya'yansa. Ciki fa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wanda bai ji tsoron doka ba, to ya tuna abin da yake ji a masallaci da coci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Ya kuma ce idan mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Waiwaye kawai! Ina ga wanda ya kwanta ya buɗe maka jikinsa don ba shi da yadda zai yi? 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna karanta yadda Shem da Yafet suka ɗauki mayafi suka tafi da baya-baya suka rufe mahaifinsu don kada idonsu ya ga tsiraicinsa. Babu addinin da ke Bauchi da bai san wannan ba.

Wani zai ce to cututtukan da dole a kai rahoto fa? E, akwai. Jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo, kuma wajibi ne a sanar da jami'an sa ido kan cututtuka don a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai ita. Dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba da bindiga ta ce a yi musu magani ko babu takardar 'yan sanda, sannan asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2. Amma jami'in lafiya aka ce, 'yan sanda aka ce. Ba a ce Facebook ba.

Wuri ɗaya ne nake ɗan jinkirtawa. Akan tsinci mutum a hanya, babu waya, babu katin shaida, babu wanda ya san shi, kuma sau da yawa hoton da aka yaɗa ne ke kawo danginsa. Ba zan iya cewa a daina wannan ɗungurungum ba, don na san abin da uwa ke ji in ɗanta ya kwana uku ba labari. Amma ko a nan akwai ya kamata. A goge masa fuska, a rufe jiki, a ɗauki fuskar kaɗai, ya fito daga ofishin asibiti ko na 'yan sanda da lambar da za a kira, ba daga wayar duk wanda ya ga dama ba. Bidiyon da nake magana a kai ba ya neman dangin kowa, babu lamba, babu cigiya. Kallo ne kawai aka lulluɓe da salati.

Mu ma jama'ar gari da namu. Mara lafiya ɗaya, mutum goma sha biyar sun biyo shi har bakin gado, in mai gadi ya hana a ce ba shi da mutunci. Mu ne masu leƙa katin wani, mu ne masu ja wa nas hannu, "Sista, na can kuma me ya same shi?" Ina ruwanka?

Amma nauyin ya fi a kan masu farar riga, don su suka yi rantsuwa, su aka ba amana, kuma su ƙanana ke kallo. Ɗalibin da ya ga babban likita ya yaye wa mace zani a gaban mutum ashirin ba ko sallama, ya koyi darasin da ya fi na allo zama a kansa. Wanda ya ga an ce, "Inna, waɗannan ɗalibai ne, kin yarda su tsaya?" shi ma ya koya. Shugabannin asibitoci kuma su daina fakewa da jiran Abuja. Labulen turawa mai taya, mai walda da tela na cikin garin nan za su haɗa shi a yini biyu. A ƙayyade mai jinya ɗaya a kan kowane gado. A rubuta da Hausa ɓaro-ɓaro a bango cewa an hana ɗaukar hoto, sannan ma'aikacin da aka kama ya ɗauka ko ya bari an ɗauka a hukunta shi kowa ya ji, ba a sauya masa sashe a ce an yi maganin abin ba. Majalisar kula da likitoci da ta ma'aikatan jinya da ungozoma duk suna da ikon ladabtar da mutum har su karɓe masa lasisi. Ba sa motsi ne sai an kai ƙara, mu kuwa sai mu ce mun bar wa Allah. Ka bar wa Allah naka, wannan ruwanka ne. Na wanda aka kawo a sume fa, wa ya ba ka izinin yafe masa?

Zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024, ni kuma daga uku ya zo min. Na goge nawa, sannan na kira ɗaya daga cikin waɗanda suka turo, mutumin kirki, mai sahun gaba a masallacin unguwarmu. Na ce, "Malam, wannan bawan Allah da ka turo, ka san shi ne?" Ya ce, "A'a wallahi, ni ma turo min aka yi."